Yadda ake fitar da kaitin daga fiffiken fara da sauran ƙwari da ruwan narkarwa mai sauƙin illa

Duk mai suyar fara, a Gadarif ne ko Kasala ko Mai Wurno a ƙasar Sudan, sai ta fige fuka-fukai ta karye ƙafafun baya kafin fara ta shiga mai. Wannan tarkacen da ake sharewa a zubar shi ne ɓangaren da ya fi yawan kaitin, sinadarin da ke ba ɓawon ƙwaro da na jatan lande da na ƙaguwa ƙarfinsu. Bafaranshe Henri Braconnot ne ya fara ware shi daga naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima, a 1811, sannan Odier ya same shi a fiffiken wani buzuzu a 1823. Yau daga gare shi ake yin kaitosan, wanda ake lulluɓe iri da 'ya'yan itace da shi, ake kuma tace gurɓataccen ruwa.

Hanyar masana'antu ta dogara ga abu biyu masu ƙuna: asid haidurokulorik don narkar da ma'adinai, da sodar sabulu mai ƙarfi don cire furotin, wani lokaci a dafa har kwana guda. Tana fitar da kaitin mai tsabta, babu musu. Amma tana gutsuttsura zaren kaitin ɗin, tana lalata furotin da za a iya amfana da shi, kuma tana barin ruwa mai yawa da ba a san inda za a kai shi ba. Ga wanda ɗakin gwajinsa ke kusa da magudanar ban ruwa ta Jazira ko bakin Shuɗin Nilu, wannan na ƙarshen ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da ya buɗe wata ƙofa shi ne aikin Andrew Abbott da abokansa a Jami'ar Lesta ta Ingila a 2003. Sun gauraya kolin kulorayid, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 300, da yuriya mai narkewa a digiri 133, sai haɗin ya zama ruwa da ba ya daskarewa sai sanyi ya sauka digiri 12. Irin waɗannan haɗe-haɗen masana ke taƙaitawa da DES. A nan za mu ce narkakken haɗi. Ba ya tashi da tururi mai shaƙe mutum, ba ya kama wuta, kayan haɗa shi kuma na abincin kaji ne da taki da kicin. Sai dai a riƙe wannan tun daga farko: ya fi asid da soda tsada, kuma idan ba a maido da shi an sake aiki da shi ba, babu wata ribar muhalli da aka ci.

Wane ƙwaro, kuma daga ina

Fara ce ta fi sauƙin farawa da ita, saboda ma'adinan jikinta kaɗan ne. Ɓawon jatan lande yana ɗauke da sinadarin alli mai yawa, sau da yawa kashi 30 cikin 100 ko fiye, ita kuwa busasshiyar fara tokarta, wato ma'adinan da ke saura in an ƙone ta, ba ta cika wuce kashi 5 ba. Idan aka niƙa fara gaba ɗayanta, kaitin da ake samu yakan tsaya tsakanin kashi 5 zuwa 15 na busasshen nauyi, gwargwadon iri da girma. Fuka-fukai da ƙafafu zalla sun fi haka bayarwa, kuma ba a taɓa abincin kowa ba.

Babban haɗarin fara shi ne feshi. Farar hamada tana hayayyafa a gaɓar Bahar Maliya, wajejen Tokar da Sawakin, a lokacin sanyi, da damina kuma a cikin ƙasa, Kurdufan da Darfur da kewayen Kasala. Duk inda ta yi dandazo, ma'aikatan kare tsirrai na bin ta da magunguna irin su malatiyon da fenitrotiyon. Waɗannan suna maƙalewa a maiƙon da ke saman ɓawo. Farar da aka tsinta a mace ko tana tangaɗi a ƙasa, ko mai warin kananzir, ba ta shiga wannan aiki ko kaɗan. A tambayi mai kawowa inda ya kama, a kuma tambayi ofishin noma na yankin ko an yi feshi a wurin. Haka ma farar bishiya da ke cin ganyen hashab a gandun ƙaro na Kurdufan.

Na biyu shi ne saɓar ƙudan soja, baƙin ƙudan da ake kiwon tsutsarsa don abincin kaji da kifi. Idan ƙudan ya fito, yana barin ɓawo busasshe mara nama, kusan babu mai, kuma kaitinsa ya kan kai kashi 20 ko ya ɗara. Illarsa alli: yana da shi fiye da fara nesa ba kusa ba, kuma wannan zai sauya irin asid ɗin da za a zaɓa.

Akwai kuma andat mai tsotsar dawa a gonakin Gadarif, da umbuga mai addabar kankana a Kurdufan. Su biyun mai ne ya cika su, kusan rabin busasshen nauyinsu ko fiye. Wanda zai yi aiki da su sai ya fara tatsar man, ya yi amfani da tunkuzar.

Kada a gauraya iri biyu a tukunya ɗaya. Kowanne da lokacinsa, kuma idan sakamako ya ɓaci ba za a gane daga ina ba.

Kayan aiki

Sikeli mai auna har gram 0.1, ma'aunin zafi da ya kai digiri 150, takardar gwajin pH mai nuna ƙarfin tsamin ruwa, injin niƙa na kicin da aka ware don wannan aiki kaɗai, rariya mai ido kusan rabin milimita, ƙyallen nailan mai ƙaramin ido ko takardar tacewa, da kwanon gilas mai jure wuta na lita 2. Abin motsawa ya zama na gilas ko katako.

Tukunyar alminiyam ba ta da wuri a nan. Kulorayid da asid idan suka haɗu a kan zafi suna cin ta, ruwan ya yi toka-toka, ƙarfen ya shiga cikin kaitin. Ko baƙin ƙarfe mara tsatsa sai ya yi ƙananan ramuka bayan 'yan dahuwa. In babu gilas, kwanon tangaran ko tasa mai fenti wadda ba ta ɓantare ba za ta yi.

Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, a yi dahuwar ta cikin ruwa: babbar tukunya da ruwa a kan gas ko kanun gawayi, kwanon gilas a ciki bisa naɗaɗɗen ƙyalle. Ruwa ba ya wuce digiri 100, don haka haɗin ba zai ƙone ba ko da hankali ya tafi wani wuri. Wannan ma ya fi faranti mai lantarki mara ma'auni aminci.

Tabarau da safar hannu da takunkumi dole ne. Wanda jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi ko toshewar numfashi kada ya tsaya wurin niƙa, domin furotin da ke tayar masa da cuta akwai ɗan'uwansa a jikin ƙwari.

Wanki, shanya, niƙa, cire mai

A tsince itace da ƙasa da kashin fara. A zuba cikin tafasasshen ruwa minti 3 zuwa 5, wannan yana kashe ƙwayoyin cuta kuma yana tsayar da sinadarin da ke baƙanta jikin ƙwaro bayan ya mutu. Wanda ya tsallake wannan zai sha wahala wurin farantawa, wato mayar da kaitin fari. A ɗauraye sau biyu, a baza a kan raga. Ranar Sudan da rani tana busar da fuka-fukai cikin yini ɗaya ko biyu. Da damina sai tanda a digiri 60 har sai ƙafa ta karye ƙaras a hannu ba ta lanƙwashe ba. Fiye da digiri 80 furotin da sukari suna haɗuwa su yi launin ƙasa-ƙasa da ba ya fita da sauƙi.

A niƙa a tankaɗe. Abin da ake nema tsakanin milimita 0.3 ne zuwa 0.5, kamar tsakin masara mai laushi. Idan ya yi gari sosai zai toshe ƙyalle, rabinsa kuma ya bi ruwan wanki. Idan ya yi manya, narkakken haɗin yana da kauri, ba zai ratsa ciki ba, sai a samu waje fes ciki ɗanye.

Sai mai. Saman ɓawon ƙwaro akwai kakin da ke hana ruwa shiga, kuma shi ne ke sa garin ya yi ta yawo a saman tukunya. A jiƙa gram 60 na gari a mililita 600 na itanol mai ƙarfin kashi 95 ko 96, a rufe, a riƙa girgizawa, awa 4 a zafin ɗaki ko awa 2 a digiri 50 cikin ruwan ɗumi da aka sauke daga wuta. Itanol ba ya kusantar buɗaɗɗiyar wuta. A tace, a maimaita idan ruwan ya fito rawaya sosai. Ga andat da umbuga sau 3 ma ba ɓarna ba ne. Gwajin a sauƙaƙe yake: a danna ɗan gari a kan farar takarda, in ya bar tabo mai sheƙi, da saura. Itanol ɗin a tara shi, ana iya tace shi ta tururi a sake amfani da shi. Saɓar ƙudan soja jiƙo ɗaya ya ishe ta.

Haɗa ruwan narkarwa

Haɗin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne kolin kulorayid da asid laktik, mol 1 ga mol 2 (mol ma'auni ne na yawan ƙwayoyin sinadari). Mol ɗin kolin gram 139.6 ne, na asid laktik gram 90.1. Wanda ake sayarwa na abinci yawanci ƙarfinsa kashi 85 ne, sauran ruwa. Don gram 50 na garin da aka cire wa mai, a ma'aunin 1 ga 15, ana buƙatar kusan gram 750 na haɗi: gram 300 na kolin da gram 455 na asid laktik ɗin kasuwa. Ruwan da ya shigo tare da asid ɗin ya kama kashi 9 na haɗin, kuma ana son sa.

A lura da irin kolin da aka saya. Masu haɗa abincin kaji suna da shi iri biyu. Na gari mai ƙarfin kashi 60 an shanya shi ne a kan niƙaƙƙen totuwar masara, kuma wannan totuwar za ta zauna cikin kaitin ta ƙi fita, domin ita ma ba ta narkewa. Mutum ya auna ya ga riba ta yi yawa, alhali rabin abin ba kaitin ba ne. Na ruwa mai ƙarfin kashi 75 ya yi: gram 400 nasa ya maye gurbin gram 300 na tsantsa, ruwan haɗin ya tashi kusan kashi 20, kada a ƙara ko ɗigo. Tsantsan ƙanƙararsa kuwa yana zuƙar laima da sauri, in aka bar murfi a buɗe a Damazin da damina sai a tarar ya jiƙe. A auna shi da hanzari a rufe.

A zuba su biyun a kwano, a ɗora a digiri 70 zuwa 80, a yi ta motsawa har ya zama ruwa garai-garai babu ko ƙwaya ɗaya a ƙasa. Minti 30 zuwa awa ɗaya ne. A haɗa ranar da za a yi aiki ko jajibirinta, saboda kolin da asid suna cin juna a hankali idan an ajiye, musamman a zafi, ƙarfin tsamin ya ragu.

Ruwa a cikin haɗin yana da iyaka ta sama da ta ƙasa. In babu shi sam, haɗin yana da kauri kamar zumar hunturu, ba ya motsuwa kuma ba ya tacuwa. Tsakanin kashi 10 zuwa 20 ya fi kyau. In ya doshi rabi, abin ya tashi daga narkakken haɗi ya koma ruwan tsami kawai, ƙarfinsa na saɓule furotin ya tafi.

Mutane da yawa za su so su yi amfani da gishirin lemo, milih laimun na shagon attar, tunda ya fi asid laktik sauƙin samu. Ga fara yana aiki: gram 140 na kolin ga gram 210 nasa, da ruwa kashi 25 zuwa 30 saboda kaurinsa ya wuce misali. Ga saɓar ƙudan soja kuwa tarko ne. Allin da ya narke yana haɗuwa da shi ya zama wani farin gishiri mai wuyar narkewa a ruwa, ya kwanta a kan kaitin, a gwajin toka a ga kamar ba a yi komai ba. Asid okzalik ya fi muni ta wannan fuska. Gishirin da laktik ke yi da alli yana bin ruwa ya tafi, shi ya sa muka fifita shi.

Dahuwa da wanki

A kai haɗin digiri 60, a riƙa barbaɗa garin kaɗan-kaɗan ana motsawa. Da saɓar ƙudan soja za a ga kumfa tana tasowa, iskar da alli ke saki ce; kada kwano ya wuce rabi, kada kuma a juye garin lokaci ɗaya. Idan kumfa ta lafa a ɗaga zafi zuwa digiri 85 ko 90, a riƙe awa 3, ana motsawa duk minti 10. A ɗora murfi ba tare da matsewa ba don kada ruwan ciki ya ƙafe. Haɗin zai koma ja mai duhu, alamar furotin da launi suna fita.

Kwaɗayin ƙara wuta don a gama da wuri yana da farashi. Sama da digiri 110, asid yana fara sare zaren kaitin, yana kuma maƙalewa a jikinsa. A ido ba a ganin komai, sai ranar da aka yi kaitosan a ga ruwansa tsululu ba danƙo, ba ya yin fatar da za ta lulluɓe mangwaro ko tumatir.

Idan lokaci ya cika a sauke, a bari ya sauka digiri 70, a zuba ruwan zafi daidai yawan haɗin a motsa. A zuba a hankali, domin haɗin mai zafi in ya fantsamu yana manne wa fata ya ci gaba da ƙuna. A tace tun da zafi. Wannan tacen na farko a ajiye shi a mazubi dabam, shi ne jarin. A matse ƙyallen sosai, a ɗauraya da ɗan ruwan zafi sau ɗaya a haɗa da na farko. Daga nan sai wanki da ruwan ɗumi har takardar pH ta nuna 6 zuwa 7 a ruwan da ke ɗiga daga matsattsen dusar, ba a ruwan sama ba. Yakan ci ɗauraya 5 ko fiye. Ruwan rijiya mai gishiri ko mai alli yana mayar da abin da aka wahala aka cire, don haka ɗauraya biyu na ƙarshe su zama da tataccen ruwa ko ruwan sama mai tsabta.

A ɗiga khal, wato binega, a kan ɗan abin da aka samu. In ya yi kumfa, alli bai ƙare ba, a maimaita dahuwar awa ɗaya da sabon haɗi kaɗan.

Furotin da ya ƙi fita

Nan ne ƙwari suka bambanta da jatan lande, kuma nan ne yawancin masu farawa ke yaudarar kansu. Lokacin da ɓawon ƙwaro ke taurara bayan saɓa, wasu sinadarai suna ɗaure furotin da kaitin ɗauri na dindindin, su ne kuma ke ba shi launinsa. Dahuwa ɗaya a narkakken haɗi ba ta kwance wannan duka. Abin da ya rage a ƙyalle kaitin ne mai sauran furotin. In don zubawa a ƙasar gona ake so, ya isa haka. In kaitosan ake nufi, da sauran aiki.

Hanya ta farko ita ce ta gwanda. Farin ruwan ɗanyar gwanda yana ɗauke da fafayin, sinadarin da ke narkar da furotin, shi ya sa ake tausasa nama da shi. A tsaga fatar ɗanyen 'ya'ya da sassafe da reza mara tsatsa, a tari ruwan a faranti, a shanya a inuwa ko ƙasa da digiri 50. Yana cin fata, yana da haɗari ga ido. A zuba dusar a ruwa 1 ga 10, pH tsakanin 6 da 7, zafi digiri 55 zuwa 60, a sa busasshen ruwan gwanda kashi 3 zuwa 5 na nauyin dusar, ko kashi 1 zuwa 2 in na kamfani ne, awa 5 zuwa 6. In wankin baya bai fita ba tsami ya rage, fafayin ba zai yi aiki ba. In zafi ya haura 80 ya mutu. A ƙarshe a tafasa minti 10 a tace.

Hanya ta biyu narkakken haɗin kolin da yuriya: gram 280 ga gram 240, da ruwa mililita 50, ga dusa gram 25 zuwa 30, awa 3. Kada ya wuce digiri 80, domin yuriya tana fashewa ta saki amoniya. In hanci ya ji wari mai yaji, a rage wuta a buɗe taga. Takin yuriya na buhu yakan zo da abin hana dunƙulewa, gara na ɗakin gwaji.

Ko wacce aka bi, muna ba da shawarar a rufe da ɗan wankin alkali: sodar wanki kashi 5 a digiri 85 awa ɗaya, ko sodar sabulu gram 20 a lita, digiri 70, awa ɗaya. Wasu na ganin wannan ya ɓata sunan hanyar. Mu dai muna ganin rabin ƙarfin da aka saba a awa ɗaya, maimakon cikakken ƙarfi a kwana, ragi ne na gaske, kuma ya fi a sayar wa mutum abu mai furotin a ce masa kaitin ne. Atrun na kasuwa, wato kanwa, yana iya tsayawa a madadin sodar wanki idan an narkar an tace yashi, amma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule.

Farantawa da busarwa

Ruwan oksijin na kantin magani mai ƙarfin kashi 6 ya wadatar: 1 ga 15, digiri 60 zuwa 70, awa ɗaya, da ɗan sodar wanki don pH ya kai 9 ko 10. Kada a rufe kwano, kada cokalin ƙarfe ya shiga, domin ƙarfe yana sa shi tafasa nan take ya gutsure kaitin. Bilicin wanki mai kulorin a bar shi. Fara takan fito fari mai ɗan rawaya, saɓar ƙudan soja ruwan ƙasa mai haske, kuma bin ta da farantawa sau 3 don ta yi fari fat asarar inganci ce. A wanke, a busar a digiri 50 zuwa 60 har nauyi ya daina sauka, a zuba a kwalba mai murfi.

Yadda za a san kaitin ne

A raba busasshen nauyin ƙarshe da na garin farko a ninka da 100. In fara gaba ɗaya ta ba da kashi 30, ba abin murna ba ne, furotin ne bai fita ba.

Gwajin furotin ana yin sa ko'ina. A tafasa rabin gram a mililita 10 na sodar sabulu kashi 4, minti 15, a huce, a tace, a ɗiga kofa salfet kashi 1. Shuɗi mai haske lafiya. Shunayya na nufin furotin. Wanda ya bi hanyar yuriya ya tabbata ya wanke sosai, domin ragowarta a kan zafi tana iya ba da launin ƙarya.

Toka sai tandar ɗakin gwaji: gram 1 a digiri 600 na awa 4 zuwa 6. Ƙasa da kashi 1 ake nema, kashi 2 ya yi ga aikin gona. A awon naitirojin, tsantsar kaitin yana da kashi 6.9. Fiye da haka sosai furotin ne ko yuriya, ƙasa da haka toka ce ko mai ko laima. Kada a bar mai awo ya ninka adadin da 6.25 kamar yadda ake yi wa abincin dabbobi, zai rubuta furotin kashi 43 a kan abin da ba shi da ko kaɗan.

Wanda ya samu kai samfuri sashen kimiyyar sinadarai na wata jami'a ya nemi awon FTIR, wanda ke haska samfurin ya zana jadawali mai tsinaye. Kaitin na ƙwari yana nuna tsini biyu a jere wajen 1660 da 1620, da wani wajen 1555. Tsini a 1740 na nufin mai ya rage, ko asid laktik ya manne saboda zafi ya yi yawa.

Kaitin ba ya narkewa a ruwa ko a khal. Mayar da shi kaitosan yana buƙatar sodar sabulu kashi 40 zuwa 50 a digiri 100 ko sama, na awoyi, kuma wannan wani aiki ne dabam mai nasa haɗarin. Abin da aka fitar a ƙaramin ɗaki ba na sa wa rauni ko zubawa a abinci ba ne sai ya bi ta gwajin hukumar ƙayyade ingancin kaya ta ƙasa.

Maido da haɗin

A koma ga tacen farko. A ƙara masa ruwan sanyi ninki ɗaya, a bar shi ya kwana. Furotin da launi za su kwanta a ƙasa, a tsiyaye a tace da takarda. In akwai itanol, ninki biyu nasa ya fi ruwa saukar da furotin, kuma ya fi saurin ƙafewa. A zuba a faffaɗan faranti na gilas bisa ruwan zafi digiri 70, a ƙafar har nauyi ya dawo kusa da wanda aka fara da shi. Da rani ana iya rage rabin aikin da rana, a rufe da raga saboda ƙura. Da damina kolin zai zuƙi laima fiye da abin da rana ta ɗauke.

Kafin a sake amfani, a narkar da gram 1 a mililita 10 na ruwa a gwada pH, a kwatanta da na sabon haɗi. In ya hau, alli ya cinye wani ɓangare na asid, a cika da gram 20 zuwa 40 na laktik. Da fara yakan yi zagaye 3 zuwa 4 kafin ya yi baƙi ya yi kauri. Da saɓar ƙudan soja ya fi saurin gajiya. Dabara ita ce a fara jiƙa ta a ruwan asid laktik kashi 5 na awa 2 a zafin ɗaki, alli ya tafi a ruwa mai arha kafin ta ga haɗi mai tsada. A rubuta lambar zagaye a jikin kwalba tare da sakamakon toka da na furotin na kowane zubi, ta haka ake gane ranar da ya kamata a yar.

Haɗin da ya gaji da ruwan wanki masu tsami a kashe su da farar ƙasa har pH ya kai 7, na alkali kuma a haɗa da na tsami su kashe juna. Kada a zuba a magudanar ban ruwa ko kusa da rijiya: yuriya da furotin suna haifar da gansakuka, kulorayid kuma yana ƙara wa baƙar ƙasar laka gishiri. A tsarma da ruwa ninki 20 a zuba a ramin takin gargajiya. Laka mai furotin da ta kwanta ita ma can za ta, sai in an tabbata ƙwarin na kiwo ne ba su ga feshi ba, sannan a wanke ta a busar a kai awo kafin a yi tunanin haɗa ta da abincin kaji.